Gulbin da Taswira ta Yanke

A bangon ɗakin da na yi aji huɗu na firamare akwai wata tsohuwar taswirar Jihar Katsina wadda gara ta fara cin gefenta. A kanta na fara ganin Kogin Gada, wani siririn zare shuɗi da ya taso daga kudu, ya bi ta Jibiya, ya je ya tsaya cik a kan wani jan layi. Bayan jan layin babu komai sai farin fili da aka rubuta wa Jamhuriyar Nijar da manyan baƙaƙe. Tun da ba wanda ya gaya mini akasin haka, sai na ɗauka a nan kogin ya ƙare, kamar yadda lungu kan ƙare a jikin katanga.

Ina da shekara goma sha ɗaya mahaifiyata ta tafi da ni biki wajen danginta, a wani ƙauye kusa da Madarunfa. Washegarin ɗaurin aure kawuna ya riƙe hannuna muka gangara bayan gari, har muka tsaya a tsakiyar wani faffaɗan rairayi da ya miƙe iyakar ganin ido. Ya sa ƙafa ya tona rairayin, ya ce, "Ɗana, ka san wannan? Shi ne kogin nan naku na Gada. Mu nan Gulbi muke ce mishi. A da yakan yi wata da watanni yana gudu, amma tun da kuka ɗaure shi a Jibiya, sai abin da kuka sako muna." Cikin dariya ya faɗa, irin ta wasan dangi, amma maganar ta zauna mini a rai. Da na shiga jami'a na karanci tarihi, wannan kwarin na koma ina bincike a kansa. Abin da na tarar shi ne an yi kusan shekara casa'in hukumomin ɓangarorin biyu suna zama a kan batun ruwa da itacen wannan yanki, amma ilimin da ya sauya fuskar ƙasar ba ta teburinsu ya bi ba, kuma har yau yaron Jibiya da yaron Madarunfa kowa rabin kogin ake koya masa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin hanyar ruwan, domin a cikinta hujjar take. Kogin yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, ya wuce Jibiya, ya shiga Nijar, ya shayar da fadamun Madarunfa da Jiratawa, ya bi ta gefen Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji. Bayan tafiyar da ta haura kilomita ɗari a cikin Nijar, sai ya karkata ya komo Nijeriya ta wajen Sabon Birni, ya zuba a Gulbin Rima wanda ke gangarawa Sakkwato. Ke nan Nijeriya ce a bakin ruwan, ita ce kuma a ƙarshensa. Wanda ya tare shi a sama yana jin ya tare wa baƙo ne, bai san har da ɗan'uwansa na Gobir ya tare wa ba.

Mutanen kwarin ma haka tarihinsu ya yi ta kai da kawowa. Sa'ad da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi hijira arewa, kuma bayan 'yan shekaru na yawo Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836, bayan yaƙin Gawakuke. Daga nan aka shiga dogon zamani na hari da ramuwa tsakanin Katsina da Maraɗi. Abin da ba a cika faɗa ba game da wannan gaba shi ne abin da ta yi wa ƙasa. Garuruwan da ke tsakani suka watse, gonaki suka koma saura, saura ta koma daji. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya ratsa wannan daji a farkon 1851 a kan hanyarsa daga Gazawa zuwa Katsina, ya kuma ba da labarin tsoron da ayari ke ji a cikinsa da kufan Ɗankama da suka wuce. Dazuzzukan da suka rage mana a yau, irin su Baban Rafi a Nijar da Rugu a Nijeriya, suna daga cikin ragowar wancan fili da tsoro ya hana gatari shiga. Abin takaici ne a ce yaƙi ne ya yi gadin dajinmu na farko, kuma ga shi a zamaninmu 'yan bindiga sun sake mayar da waɗannan dazuzzuka wuraren da manomi ba ya kusanta.

Turawa ne suka mayar da wannan fili layi. Ingila da Faransa sun fara yanka ƙasar a takarda tun 1890, suka yi ta gyaran yankan a 1898 da 1904 da 1906, galibi saboda Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi daga Kogin Kwara zuwa Damagaram. Tsakanin 1906 da 1908 wata tawaga ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa alamomi, guda 148 daga Kwara zuwa Tafkin Chadi. Mutanen bakin iyaka suna kiran waɗannan turaku tangaraho. Da zaman lafiya ya samu, jama'a suka bazu cikin dajin da aka daɗe ana gudu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, haraji kuma ya tilasta wa kowa neman kuɗin. Aka shiga sassabe ba ji ba gani a ɓangarorin biyu.

A nan ne labarin haɗin gwiwa a kan muhalli ya soma, kuma da wani kuskure ya soma. A 1934 wani farfesan ilimin gandun daji daga Jami'ar Edinbura, E. P. Stebbing, ya zagaya yankin da rani. Ya ga iska na kwasar ƙura, ya ga itatuwa tsirara, ya koma gida ya yi shela a 1935 cewa Sahara na gangarowa kudu kuma za ta binne garuruwan arewacin Nijeriya, ya ba da shawarar a dasa doguwar katangar itatuwa a tare ta. Maganarsa ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka biyu, har suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta masana gandun daji, Ingilishi da Faransawa, wadda ta bi yankin iyakar a ƙarshen 1936 da farkon 1937. Cikinsu akwai André Aubréville, wanda daga baya, a 1949, ya yaɗa kalmar da duniya ke amfani da ita yau wajen nufin komawar ƙasa hamada. Hukumar ba ta ga wata Sahara mai tafiya ba. Ta ga tuddan rairayi da ciyawa ta riga ta ɗaure, ta kuma ce inda ƙasa ke lalacewa, aikin hannun mutane ne a wurin, ba mamaya daga arewa ba.

Wannan hukunci daidai ne, amma abin da aka gina a kansa ya cutar. Tun da manomi ne mai laifi, sai aka ce a raba shi da itace. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa wa yankunanta na Afirka ta Yamma a 1935 ta riga ta sa daji ƙarƙashin ikon gwamnati, ta kuma ware wasu itatuwa da ba a taɓawa sai da izini, kuma Nijar mai 'yanci ta gaji wannan tsari a dokarta ta 1974. A ɓangarenmu ma aka keɓe gandun daji, aka sa malamin daji yana yawo da takardar tara. Sakamakon ya fito a fili. Manomin da ya san gawon da ya tsiro a gonarsa zai iya jawo masa tara ran da ya sare reshensa, me zai sa ya bar shi ya girma? Gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Malaman gona kuwa suna ta koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal. Ilimin muhalli na farko da hukuma ta kawo wa wannan kwari, in an duba da kyau, ya koya wa mutane su ji tsoron itace ne.

Alhali kuwa mutanen nan ba jahilan itace ba ne. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa gawo yana zubar da ganyensa da damina ya fitar da sabo da rani, don haka ba ya yi wa gero inuwa lokacin da yake bukatar rana, ganyen da ya zuba taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a tsakiyar bazara. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri. Har ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na goma sha tara sun sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo. Wannan sani bai shiga rahoton kowa a matsayin ilimi ba, domin masu shi ba su da takardar shaida.

Bayan samun 'yanci, gwamnatocin biyu sun yi abin da ya kamata a yaba. A 1971, zamanin Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani, aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar mai hedikwata a Yamai. Ba a jima ba farin 1973 ya zo ya gwada kowa. A shekarar ne ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS don yaƙi da fari, Nijar na ciki, Nijeriya ba ta ciki. Gwamnatin Seyni Kountché ta mayar da ranar 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai, ranar dashen itace, kuma a watan Mayun 1984 ta tara jami'ai da masana a Maraɗi don muhawarar ƙasa a kan hamada. A nan Nijeriya ma aka yi ta kafa shingayen itatuwa na bedi a jihohin arewa, ana gangamin dashe kowace damina. Amma duk wanda ya tashi a yankinmu ya san makomar mafi yawan dashen biki: a dasa da kiɗa, awaki su cinye kafin kaka.

Shekarar 1984 ita ce ta fi nuna nisan da ke tsakanin takarda da aiki. Damina ta ƙi, gero bai yi ba. A watan Afrilun shekarar gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, ba a kuma buɗe su ba sai 1986. Hatsin da ya saba hawa arewa daga kasuwannin Kano da Katsina ya tsaya, masu cin rani suka rasa hanya. Shi ya sa har gobe a ƙasar Maraɗi wannan yunwa sunanta El Buhari, kamar yadda kakanninmu suka sa wa ta 1914 suna Ƙaƙalaba. Kakata ta wajen uwa ba ta taɓa ambaton shekarar ba tare da ta yi shiru na ɗan lokaci ba. Hukumar haɗin gwiwa tana nan a Yamai a lokacin, shekararta goma sha uku.

Cikin wannan yunwar ne kuma aka samu abin da, a ganina, ya fi kowace yarjejeniya tasiri. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin gona da wata ƙungiyar mishan a Maraɗi, ya yi shekaru yana raba dashe yana kallon yadda yake mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan ƙananan kurmin da ake sassabewa kowace bazara a gonaki ba ciyayi ba ne. Toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, waɗanda saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga danshi. Ba a bukatar dashe, ba a bukatar ban ruwa. Abin da ake bukata shi ne manomi ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowane kututture, ya yanke sauran, ya rage wa waɗanda ya bari ƙananan rassa, ya kare su daga dabba da gatarin maƙwabci. Cikin 'yan shekaru sabara da kalgo da aduwa da magarya da gawo sai su miƙe su zama itatuwa. Aka sa wa wannan hanya suna da Hausa: sassabin zamani.

Da farko mutane sun yi masa dariya. Lokacin yunwar an haɗa abin da rabon abinci, sai manoma suka karɓa don hatsin, kuma da rabon ya ƙare da yawa suka sare abin da suka raina. Amma waɗanda suka bari sun ga bambanci. Iska ta daina binne shukarsu, matansu suka huta da doguwar tafiyar neman makamashi, suka samu itacen sayarwa ran da rumbu ya yi ƙasa. Maƙwabci ya gani ya tambaya, aka nuna masa, shi ma ya nuna wa surukinsa. Ba zan ce Bature ne ya koya wa Bahaushe renon itace ba, don a wurare da yawa, musamman ƙasar Damagaram, manoma da kansu suka koma ga abin da iyayensu suka sani. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne sassaucin da aka samu daga malaman daji, da kuma sauye-sauyen doka, irin su dokar ƙasar noma ta 1993 da ta gandun daji ta 2004, waɗanda suka ƙara wa manomi tabbacin cewa abin da ya rena zai amfane shi. Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka auna abin da hotunan sama da na tauraron ɗan'adam a shekarun 2000, sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A wasu hotunan nasu ana iya gane inda iyaka take ba tare da an zana ta ba, domin ɓangaren Nijar, mai ƙarancin ruwan sama, ya fi namu duhun itace. Na daɗe ina kallon irin wannan hoto a kwamfutar ɗakin karatu, kunya da mamaki suna cina.

Batun ruwa kuwa ya bi wata hanya. Ranar 18 ga Yulin 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka haɗa bisa adalci. Ta shafi kwaruruka huɗu: Majiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai ƙarshen Komadugu Yobe. Ta tanadi musayar bayanai da tuntuɓar juna kafin a yi wani aiki da zai taɓa ruwan. Takarda ce mai kyau. Sai dai an tsara madatsar ruwa ta Jibiya tun 1987, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 142. Wato lokacin da ake sa hannu a kan alkawarin tuntuɓa, ginin ya riga ya yi nisa.

Ba na cikin masu zagin wannan dam, kuma ba zan iya ba, don da tumatir da albasar noman raninsa aka biya mini wani ɓangare na kuɗin makaranta. Gaskiya ne kuma cewa shekarun fari sun rage ruwan gulbin tun kafin a aza tubali. Amma ambaliyar da ke malala cikin fadama kowace damina ita ce ke cika rijiyoyi, ta ajiye sabuwar laka, ta ciyar da tafkin Madarunfa da masuntansa. Wannan gulbi ne fa da ya taɓa cinye tsohon garin Maraɗi a 1945, har aka tayar da garin zuwa kan tudu. Idan aka rage irin wannan ruwa, dole wanda ke ƙasa ya ji a jikinsa. Abin da ya fi damuna shi ne na yi shekara goma sha biyu a makaranta a gefen wannan kogi, ba a taɓa ambata mini yarjejeniyar Maiduguri ba. Kawuna ma bai taɓa jin sunanta ba sai daga bakina. An rubuta ta da Turanci da Faransanci, harsunan da mafi yawan masu shan ruwan ba sa karantawa, alhali dukkansu harshe ɗaya suke mafarki da shi.

Makarantun ma sun bi layin tangaraho. A shekarun 1990 ƙungiyar CILSS, da tallafin Tarayyar Turai, ta gudanar da wani shiri na shigar da ilimin muhalli cikin makarantun firamare na ƙasashenta, aka horar da malamai, aka buga littattafai. Shirin ya haɗa yaron Maraɗi da na Senigal da na Muritaniya a manhaja guda, amma bai haɗa shi da yaron Jibiya da ke tafiyar ƙasa da sa'a guda a mota ba, saboda Nijeriya ba mamba ba ce. Da Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Katangar Itatuwa a 2007, wanda asalin siffarsa ta yi kama da mafarkin Stebbing, kowace ƙasa ta kafa hukumarta, da kasafinta, da taswirarta. Sai daga baya masu shirin suka fara karkata daga batun katanga zuwa irin abin da manoman Maraɗi suka riga suka yi.

Bayan na gama digiri na samu koyarwa ta wucin gadi a wata makarantar sakandare da ba ta da nisa da iyaka. Na yi niyyar kai ɗalibaina su ga gonar kawuna, wadda yanzu gawo da kalgo suka yi mata rumfa, har na fara tara kuɗin mota. Sai aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, karo na biyu cikin shekara huɗu, don an rufe ta daga 2019 zuwa ƙarshen 2020. Tafiyar ta rushe. Da na gaya wa kawu ta waya, sai ya ce, "To ɗana, in ƙafa ba ta zuwa, ai murya na zuwa. Ka kai su wajen kututture, ka kira ni."

Haka aka yi. A bayan ajinmu akwai wani kututturen kalgo da ake sassabewa duk shekara ranar sharar makaranta. Na tara yara a kansa, na buɗe muryar wayar. Dattijon da bai taɓa zama a aji ba ya yi kusan rabin sa'a yana koyarwa: a duba tohon da ya fi miƙewa, a yi yankan daga ƙasa zuwa sama da wuƙa mai kaifi don kada ɓawon ya yage, kada a rage rassa fiye da rabin tsawon sandar, a ɗaura jan ƙyalle don mai neman itace ya san da mai shi. Yaran suka yi ta dariya da ya kira makaranta lakwal, ni kuma ya kira ni mushe. Wata yarinya ta tambaye shi ko da gaske ne koginmu yana zuwa garinsu. Ya ce yana zuwa, in an sako shi, kuma daga wajensu yana komawa wajen Gobirawan Sabon Birni.

Da muka koma aji na zana kogin a allo tun daga ƙasar Katsina har Rima, na sa jan alli na ratsa shi a wuri biyu. Toho uku muka bari a kan kututturen. Akuya ta ci ɗaya a watan Maris. Sauran biyun, lokacin da na bar makarantar, sun kai kafaɗar yarinyar da ta yi tambayar.